Mako guda a Bahar Rum cikin jirgin ruwan shaƙatawa: abin da kuɗina ya saya

Duk wanda ya biya kuɗin tafiya a manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, to jirgin ya saya. Garuruwan da aka jera masa a takardar talla ɗanɗano ne kawai. Abin da nake gaya wa masu tambayata ke nan tun da muka dawo daga Bahar Rum, ni da mahaifiyata da maiɗakina. Wanda ya gane haka kafin ya biya zai ji daɗi ƙwarai. Wanda kuwa burinsa ya ga birnin Rum har ya ƙoshi, ya nemi jirgin sama da otal.

Hajiya ce dalilin tafiyar. Ciwon gwiwa ya sa duk wata tafiya mai sauya masauki ta zame mata azaba: yau a ɗaure kaya, gobe a kwance, a hau jirgin ƙasa, a sauka. A jirgin ruwa sau ɗaya ake kwance akwati. Ka kwanta a Sifaniya, ka wayi gari a Faransa, maganinta yana nan kan teburin da ta ajiye shi. Muka zaɓi zagayen mako guda na wani kamfanin Turai a watan Oktoba, daga Basalona zuwa Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo da Valletta ta ƙasar Malta, sannan yini guda cur a tsakiyar teku kafin a koma Basalona.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar, aikinsa na farko biza ce. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk suna yankin Schengen, don haka biza ɗaya ta ishe mu, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Amma a duba jerin tashoshin da kyau. Wasu jiragen kan biya ta Tunis, kuma da zarar jirgi ya fita daga Schengen sai da bizar da ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Sai guzuri: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje, saboda haka kilishi da dambun nama su zauna a gida. Yaji kam mun tafi da shi, kuma ya yi mana rana. A kuma sauka garin tun ana gobe tashi, domin in jirgin sama ya makara, na ruwa ba ya jiran kowa.

Girman jirgin sai wanda ya gani. Tsawonsa ya haura mita 300, yana ɗaukar fasinja fiye da 5,000, ga ma'aikata sama da 1,000. Duk da haka ba shi ne babba ba, akwai Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, mai tsawon kusan mita 365. Wannan girma abin sha'awa ne ga mai lafiya, ga dattijuwa kuwa nisa ne. Daga ɗakin da ke can goshin jirgi zuwa ɗakin cin abinci da ke baya tafiya ce mai cin ƙafa, safe da rana da dare. Wakilin da ya yanka mana tikiti ya ba mu shawarar ɗakunan tsakiya, kusa da lif, kuma wannan ce shawara mafi amfani da muka samu a duk tafiyar. Tsakiyar jirgi ta fi ko'ina ƙarancin rawa in teku ta tashi.

Ta kuwa tashi a daren farko. Tsakanin Basalona da Marseille akwai mashigin da ake kira Gulf of Lion, inda iskar mistral mai sanyi ke gangarowa daga kwarin kogin Rhône. Jirgin yana da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, amma ba su hana maiɗakina kwana da jiri da tashin zuciya ba. Hajiya, wadda muka fi ji wa tsoro, barcinta ta yi. Sauran kwanakin kuwa in ba ka leƙa waje ba, ba za ka san ana tafiya ba.

Kafin ma a ɗaga anga sai da aka sa kowa ya je wurin da zai tsaya in an shiga haɗari, aka nuna yadda ake ɗaura rigar ceto, aka busa ƙahon gargaɗi: gajeru bakwai, dogo ɗaya. Na ga masu gunaguni, ni kuwa hankalina ya kwanta. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bar Civitavecchia, ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu wannan atisaye ba. Bayan haka ne aka tsananta dokar. Duk mai tafiya da iyali ya tsaya ya saurara, ya kuma gane hanyar daga ɗakinsa ta matakala, ba ta lif ba.

Ɗakin ƙarami ne amma tsaf, ana gyara shi kullum. Mun ƙara kuɗi mun ɗauki mai baranda, kuma ban yi da-na-sanin ko kwabo ba. A nan Hajiya ta yi yawancin hutunta, carbi a hannu, tana kallon ruwa. Banɗakin ba shi da tiyon tsarki, a tafi da buta. Ba a yarda da dutsen guga ko abin dafa ruwa na kanka ba, saboda gobara ita ce babbar abin tsoro a teku.

Batun salla shi ne wanda ba wani mai talla da zai yi maka bayaninsa. Babu masallaci a jirginmu, a ɗaki muke jam'i. A yammacin Bahar Rum alƙibla tana gabas maso kudu, saɓanin gida da muke fuskantar gabas maso arewa. Kamfas ɗin waya yakan rikice saboda ƙarfen jirgi, amma akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da ita nake aunawa. In an tsaya a tasha abin da sauƙi, auno ɗaya ya isa yinin. Asuba ce mai wuya, domin sau da yawa a lokacin jirgin ke karkata zai shiga tasha. Kafin mu tashi na tambayi malaminmu, ya ce mu fuskanci alƙibla a kabbarar harama, mu juya in jirgi ya juya kuma mun gane, mu yi a tsaye sai in tangaɗi ya hana, mu kuma yi ƙasaru tunda matafiya ne mu. Lokutan salla ma kullum sai an duba na garin da ake ciki.

Abinci yana da yawa har ya wuce misali, kuma kuɗinsa yana cikin tikiti. Akwai babban zaure na ɗebi-da-kanka, akwai ɗakin cin abincin dare da ake zaunar da kai a kawo maka. Da tsakar rana zauren nan sai ka ce Kantin Kwari ana gobe Salla, ga layi, ga neman wurin zama, mai sanda kamar Hajiya ba ta da sararin motsi. Muka koma zuwa da wuri ko bayan mutane sun ragu. Matsalar Musulmi ita ce girkin Italiya yana ɓoye naman alade a inda ba ka zata ba, cikin taliya mai cushe, cikin miya, a kan wake. Ana kuma zuba giya a wasu girke-girken shinkafa da kayan zaƙi. Mun rubuta buƙatar naman halal tun wajen yankan tikiti, amma wasu dararen kawai aka kawo kaza, sauran sai haƙuri aka ba mu. Wannan ya ɓata min rai, domin alƙawari aka yi. Kifi, ƙwai, burodi, taliya da tumatir da 'ya'yan itace su suka riƙe mu. Nama na gaske a Marseille muka ci shi, a unguwar Noailles, inda 'yan Aljeriya da Tunisiya ke da mahauta da gidajen abinci, kuskus da naman rago mai zafi.

Wanda ya cece mu a teburin dare wani yaro ne ɗan Indonesiya. Tun da ya ga lulluɓin Hajiya ya yi sallama, daga nan kullum kafin mu buɗe takardar abinci zai sunkuyo ya ce, "Mama, wannan a'a, wannan babu komai." Hajiya ta riƙa ce masa ɗana, tana sa masa albarka da Hausa, shi kuma yana amsawa da amin. Ya gaya min watanni yake yi a jirgi bai ga 'yarsa ba, aiki kullum babu ranar hutu. Yawancin masu wannan hidima daga Filifin, Indonesiya da Indiya suke, kuma jin daɗin da muke biya a kan kafaɗunsu yake. Shi ya sa ban ga kyan masu zuwa ofis su nemi a cire kuɗin hidima daga lissafinsu ba.

Lissafin kansa yana buƙatar ido. A jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi. Katin da ke buɗe ɗakinka shi ne kake sayayya da shi, kuma hakan yana sa kuɗi ya zube ba ka ji ba. A tafiyarmu kuɗin hidima ya kama wajen Yuro 12 a kan kowane babba a kowane dare. Ruwan gora da lemo saye ake, da ƙarin kashi 15 cikin 100 a kai. Intanet saye ake, kuma ba ya sauri. Motar da ke kai mutane gari daga tasha, hoto, ganin likita, duk da kuɗinsu. A rufe layin waya da zarar an bar gaɓa, domin a teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, da tsada mai ban tsoro. Katin Naira ba abin dogaro ba ne a nan, mu Yuro muka ajiye musu a hannu suna cira.

Garuruwan fa? Marseille da Genoa mun ɗan taka, mun dawo. Civitavecchia ce ta fi nuna gaskiyar abin da na faɗa da farko. A talla an rubuta Rum, alhali tsakanin tashar da birnin kusan kilomita 80 ne. Ka fita daga tasha, ka yi fiye da awa guda a hanya, ka ga tsohon filin wasan Romawa na Colosseum daga waje cikin turmutsutsu, ka fara duba agogo. Na so mu yi salla a babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, lokaci bai bari ba. Hajiya ta zauna a jirgi ranar, kuma ita ta fi mu morewa, ta ce ko'ina fayau, lif babu layi.

Palermo kuwa ta biya ni. Jirgi yana tsayawa ne a bakin gari, da ƙafa ake shiga. Musulmi sun mulki birnin daga 831 zuwa 1072, kuma sawunsu bai goge ba. A ƙofar babbar majami'ar garin, wadda ta taɓa zama masallaci, akwai wani ginshiƙi da aka sassaƙa aya daga Suratul A'araf a jikinsa. Muka kai Hajiya a hankali har gabansa, ta sa tabarau ta daɗe tana bin rubutun, sannan ta juyo ta ce, "Kai, ashe har nan suka zo?" A wannan gari ne Al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya wa Sarki Roger na Biyu a 1154. Kasuwar Ballarò tana kusa, masu kifi da zaitun suna kiran ciniki da ƙarfi, ga 'yan Afirka ta Yamma da yawa suna neman na kansu.

Ganinsu ya dame ni a daren da muka nufi Malta. Ruwan da ke kudu da tsibirin Sisili, inda Palermo take, shi ne wanda 'ya'yanmu ke shiga a kwale-kwalen roba bayan sun ratsa Agadez da Libiya. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun 2014. A ciki ana kiɗa, mu kuma a baranda muka yi musu addu'a. Bahaushe ba zai bi wannan hanya zuciyarsa ta zauna daidai ba, kuma gara ya sani tun daga gida.

Shiga tashar Valletta da hantsi shi ne abu mafi kyau da idona ya gani a tafiyar. Ganuwar dutse mai ruwan zuma ta kewaye ruwan ta ko'ina, birnin da aka fara ginawa a 1566, shekara guda bayan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kasa cin tsibirin. Daga bakin ruwa akwai lif da ke hawa da mutane zuwa lambun Upper Barrakka, don haka Hajiya ta ga komai ba tare da matakala ba. Da ƙarfe 12 na rana aka harba igwa kamar yadda suka saba.

Dole in faɗi wani abu ga masu kunya irin tamu. Saman jirgi wurin wanka ne, mutane kusan tsirara. Akwai mashaya a kusan kowane hawa, akwai gidan caca da ake buɗewa da zarar an bar tasha. Ba wanda ya taɓa yi wa hijabin maiɗakina kallon banza, kuma ana iya kauce wa wuraren nan in an koyi hanya, amma mai yara matasa ya yi tunani sosai. Mutanen gari ma ba duka ke murna da mu ba: Venice ta hana manyan jirage shiga tsakiyarta tun Agustan 2021, a Basalona kuma mun ga rubutu a bango na masu cewa 'yan yawon buɗe ido su koma gida.

Ga wanda giya da caca suka tsaya wa a rai, Saudiyya ta fara nata. Jirgin Aroya ya soma tashi daga Jidda a Disamban 2024, yana zagaya Bahar Maliya, babu giya a cikinsa kuma abincin halal ne. Da na gaya wa Hajiya, cewa ta yi in Allah ya kai mu baɗi a haɗa mata shi da Umara, kuma ɗakin ya zama mai baranda, kusa da lif.