Editan bulo na WordPress ko Elementor Pro, amsa ga mai shagon shadda

Malam, ka ce da Elementor, fulogin (ƙarin manhaja) na tsara shafi a WordPress, aka gina maka shafin shagonka na shadda da atamfa, lasisin Pro ya kusa ƙarewa, ga kuma WordPress 6.8 na jiran ka a Tableau de bord, kana tambaya ko ka biya ka ci gaba ko ka koma editan da ke zuwa da WordPress ɗin kansa. Koma editan bulo, wato na WordPress ɗin, wanda ake jera rubutu da hotuna a cikinsa bulo-bulo. Kuɗin lasisin ka ƙara su a kan masauki mai kyau, wato kamfanin da ke ajiye maka shafin a sabansa.

Da a ce a 2019 ka yi tambayar nan, da amsar ta bambanta. Editan bulo ya shigo da sigar 5.0 a Disamba 2018, kuma a lokacin rubutun tsakiyar shafi kaɗai yake taɓawa. Kan shafi da ƙasansa da menu duk suna hannun jigo, abin da allonka ke kira Thème, shi ya sa masu gina shafi suka rungumi Elementor. Daga 5.9 a Janairu 2022 aka buɗe gyaran shafi gaba ɗaya, kuma yanzu in ka ɗora jigon bulo kamar Twenty Twenty-Five, wanda ya zo da 6.7 a Nuwamba 2024, ka shiga Apparence sannan Éditeur, za ka canza tambari, menu, lambar waya ta ƙasa da launuka ba tare da ka kira kowa ba. Tun 6.3 kuma ana ajiye tarihin canjin Styles, in ka ɓata launi sai ka koma na jiya.

Abin da ya fi dacewa da mai sayar da kaya shi ne Compositions synchronisées, wato tsarin da ka ajiye sau ɗaya, duk inda ka sa shi ya bi na asali. Ka tsara kati guda: hoton shadda a sama, sunanta, farashi, sai maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗinka ta adireshin wa.me da 227 a gaban lamba. Ka ajiye shi a matsayin Composition synchronisée. Tun 6.6 ta Yuli 2024 kana iya ware hoto, take, sakin layi da maɓalli ka ce waɗannan kowane kati ya sa nasa, amma siffar katin ɗaya ce. Amfanin yana fitowa ne ana saura mako biyu sallah, kaya sun sauka, kati ya kai sittin a shafuka daban-daban, sai ka ga rubutun farashi ya yi ƙanƙanta a waya. Wuri ɗaya za ka gyara, sittin ɗin su bi. Yaron shago kuma zai iya canza farashi ba zai iya karkatar da katin ba, wanda duk mai barin shafi a hannun yara ya san darajar wannan. A wannan sigar dai aka samu bulon Grille. Ka zuba katunan a ciki, ka bar shi a kan Auto, ka sa mafi ƙarancin faɗin ginshiƙi kamar 140px, sai waya ta nuna biyu-biyu, kwamfuta ta jera fiye da haka da kanta. Ga mai son ganin saƙar shadda kusa, ka kunna Agrandir au clic a kan hoton, abin da ya zo tun 6.4, ba ka buƙatar wani fulogin na daban.

Sai haruffa. Mu nan shafi ba ya rasa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ga kuma é da è da ç na Faransanci. Kyawawan haruffa da yawa ba su da masu lanƙwasa, sai burauza ta aro su daga wani wuri, ka ga ƙ ɗin ta fi sauran kauri ko ta zauna a karkace a tsakiyar kalma. Sigar 6.5 ta Afrilu 2024 ta kawo ma'ajin haruffa: Éditeur, Styles, Typographie. Daga nan kana iya ɗauko Noto Sans ko Andika ko Charis SIL, dukansu suna da haruffanmu manya da ƙanana, kuma fayil ɗin yana sauka ne a masaukinka, waya ba sai ta je wani saba ta ɗauko ba. Nauyi biyu sun isa, 400 na rubutu da 700 na take. Kowane ƙari fayil ne da mai ziyara zai biya da megansa. Kafin ka amince da kowane irin harafi, rubuta "Ƙwarya, Ɗanɗano, Ɓawo, Ƴaƴa" a take ka duba a waya. Wannan ma'ajin a jigon bulo yake aiki, tsohon jigo ba zai nuna maka shi ba. Sigar 6.5 ɗin kuma ta sauya yadda ake loda fassara, shafin da aka saita da Faransanci ya rage jinkirin da yake yi a da, wannan kyauta ce ga kusan duk shafukan Nijar.

Maganar nauyin shafi ita ce ta yanke hukunci a wurina. Masu duba kayanka ba a ofis suke ba. Daga status na WhatsApp suke latsowa, a kan forfe na Airtel ko Moov ko Zamani, wani yana Tasawa, wani yana Madarumfa, wani ya tsallaka Jibiya reso na rawa. Shafin bulo a jigon bulo yana loda salon bulolin da ke cikin wannan shafin ne kawai, kuma abin da aka ajiye HTML ne kai tsaye. Elementor yana ɗora nasa fayilolin CSS da JavaScript a kan na jigo, yana kuma naɗe abu cikin akwati cikin akwati. Sun rage wannan a ƴan shekarun nan, gaskiya, amma wanda bai ɗauko kaya ba ya fi wanda ya rage kaya sauƙin tafiya. Sigar 6.8 ta Afrilu 2025 ta ƙara abu guda: da zarar mai ziyara ya ɗora yatsa a kan mahaɗi, Chrome na fara ɗauko shafi na gaba kafin ya ɗaga yatsan. An saita shi a mataki na taka-tsantsan, ba ya zuƙe mega yana ɗauko shafukan da ba a taɓa ba. Yana aiki ga wanda bai shiga da kalmar sirri ba, kuma sai Permaliens ɗinka, wato tsarin adireshin shafuka a Réglages, ba su kasance a kan Simple ba.

Kar dai ka ɗauka sabuntawa za ta gyara maka hotuna. WordPress na karɓar nau'in hoto marasa nauyi, WebP tun 5.8, AVIF tun 6.5, tun 6.7 kuma yana juya HEIC na iPhone zuwa JPEG in saban masaukinka na da kayan aikin hakan, amma ba ya juya maka JPEG zuwa WebP da kansa. Hoton waya yakan kai mega uku zuwa biyar. Abin da WordPress ke yi tun 5.3 shi ne ya rage wanda ya wuce 2560px, kuma wannan ma ya yi wa kati yawa. Ka rage zuwa faɗin 1200px, ka matse shi da Squoosh, shafin rage nauyin hoto, ya sauka ƙasa da kilobait 200, sannan ka ɗora. Wanda ya zuba hotuna arba'in ɗanye a shafi ɗaya, da bulo da Elementor duk ba su cece shi ba.

Elementor na da nasa, ba zan hana shi ba. Yana ba ka damar saita tazara da girman rubutu daban a waya, daban a kwamfuta, fiye da yadda bulo ke yi, kuma Pro na da fom da tagar talla mai faɗowa. In kai mai gina wa mutane shafukan talla ne, ka riƙe shi. Mai shadda ba ya buƙatar wannan.

Abin da ba a faɗa wa mutum ranar da ake gina masa shafi shi ne inda aikin ke kwana. Elementor na ajiye tsarin shafi a nasa wurin cikin rumbun bayanai. Ranar da ka kashe shi, rubutu da hotuna za su rage a jere tsirara, tsarin ya tafi. Kamar shagon haya ne a babbar kasuwa, kayan naka ne, kantocin na mai shago. Elementor yana kuma son ƙwaƙwalwar PHP, harshen da WordPress ke gudana da shi a saba, ta kai mega 256, wadda ƙananan masaukai masu araha ba kullum suke bayarwa ba, nan ne edita ke tsayawa yana juyawa ba ya buɗewa. Ga shi guda biyu ne, na kyauta da Pro, dole su tafi tare. In ɗaya ya sabunta ɗaya ya tsaya, shafi na iya watsewa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba ka tambaya ba. Kafin komai, shiga Elementor ka buɗe Licence ka ga ko yana aiki, kuma da imel ɗin wa aka haɗa shi. Akwai masu yawo a guruf-guruf suna sayar da "Pro na har abada" a kan jika biyu ko uku, ka tura ta Nita ko Amana su turo maka fayil ɗin zip. Lasisin gaskiya na shekara-shekara ne. Abin da suke turowa kwafi ne da aka fasa, ba ya karɓar sabuntawa, wani kuma an cusa masa ƙofar baya. Alamunta: wani administrateur da ba ka sani ba a Comptes, shafin yana tura masu waya zuwa wurin caca alhali a kwamfutarka lafiya lau yake, ko Google ya fara nuna sunan shagonka da rubutun wani harshe. Haka ma ka bincika sunan shafin, wato adireshinsa na intanet. Ko .com ne ko .ne, ka tabbata da sunanka da imel ɗinka aka yi rajista, kuma kai ke riƙe da kalmar sirrin cPanel, allon da ake sarrafa masauki da shi. Wasu masu ginawa suna rajista da sunansu, shekara na zagayowa su yanka maka farashin da suka ga dama, ka biya ko shafi ya mutu. In mai ginin ya ce "bar shi a hannuna, Alhaji, ya fi tsaro", ka ce ya ba ka dai, ka gode.

Ga yadda za ka yi ƙaurar. Shafukan da aka riga aka gina ba sa ɓacewa ranar da lasisi ya ƙare, sabuntawa ce ke tsayawa, don haka kana da ƴan makonni, amma kar ka mai da su watanni. Fara da kwafin ajiya kashi biyu: babban fayil (dossier) na wp-content, da rumbun bayanai ta phpMyAdmin da ke cikin cPanel, ko fulogin UpdraftPlus ya yi maka duka. Sauke su a kwamfuta ko filas, kwafin da ke zaune a saba ɗaya da shafin ba ajiya ba ne. Sannan Outils, Santé du site, ka duba PHP. Tun 6.6 WordPress ba ya tashi a ƙasa da PHP 7.2.24, amma kar ka zauna a nan, ka sa mai masauki ya kai ka PHP 8. Ka yi kwafin shafin a wani ƙaramin adireshi na gwaji, yawancin cPanel masu Softaculous na da maɓallin hakan, ka shiga Réglages, Lecture, ka hana injunan bincike ganin sa. A can za ka sabunta fulogin ɗaya bayan ɗaya, sai WordPress, sai ka kunna sabon jigo. Kowane shafi ka buɗe shi, ka latsa komawa editan WordPress, rubutun zai zo dunƙule a bulon Classique, ka ce Convertir en blocs, ka sake jera shi da katunanka. Shafi goma aikin yini biyu ne ga mai natsuwa. Kar ka canza adireshin kowane shafi, duk mahaɗan da ka watsa a WhatsApp da Facebook suna kansu. Sai komai ya koma bulo za ka kashe Pro, sannan na kyautan.

Ka yi sabuntawar a lokacin da wuta da reso suka zauna, kuma kar ka rufe burauza tana tsakiyar aiki. In ta katse shafin ya maƙale a kan saƙon maintenance, akwai ɓoyayyen fayil mai suna .maintenance a tushen shafin, ka goge shi ta Gestionnaire de fichiers, ko ka jira minti goma ya saki da kansa, sannan ka maimaita sabuntawar. In farin allo ka gani da saƙon erreur critique, duba imel ɗin administrateur har cikin spam, tun 5.2 WordPress na turo mahaɗin shiga yanayin ceto tare da sunan fulogin ɗin da ya jawo. In imel bai zo ba, shiga wp-content/plugins ka canza wa babban fayil ɗin wanda kake zargi suna, shafi zai tashi.

Bayan ƙaura ka kunna sabuntawa ta atomatik ga ƴan fulogin ɗin da suka rage. A da ana tsoron ta, amma tun 6.6 in sabuntawar ta jawo mummunan kuskuren PHP, WordPress na mayar da tsohuwar sigar da kansa. Kuskuren da ke kashe shafi kaɗai yake gani. In maɓalli ya karkace ko hoto ya ɓace ba zai sani ba, sai ka duba da idonka. A 6.8 an kuma koma wata hanya mafi ƙarfi mai suna bcrypt wajen ɓoye kalmar sirri, tsohuwar taka na sauyawa da kanta a shigarka ta gaba, ko da yake ba abin da zai kare wanda ya sa lambar wayarsa ta zama kalmar sirri.

In kana son shafin da Hausa da Faransanci, da bulo da Elementor babu wanda ke yi da kansa, sai ka ƙara fulogin Polylang. Kuma duk sabon shafin da takensa ke da ƙ ko ɗ, ka gyara adireshinsa da hannu ka sa k da d kafin ka wallafa. In ba haka ba ƙ na komawa %c6%99 a mahaɗin da za ka tura wa masu saye.