Agogon da na saya bayan sahur ya wuce ni

Daren 31 ga Maris 2024, azumi ya yi nisa, na duba jadawalin masallacinmu a nan Manchester, na saita ɗan agogona na batir don sahur, na kwanta. Shaf na manta a daren ne ake tura agogon Birtaniya gaba, ƙarfe ɗaya na dare ya koma biyu. Jadawalin ya riga ya bi sabon lokaci, agogona kuwa yana nan yadda na bar shi. Bai kaɗa ba sai da alfijir ya keto. Haka na ɗauki azumin ranar ko ruwa ban kurɓa ba. Wayata ta gyara kanta, amma a falo take kwana, don ba na son ta kusa da gado.

A satin da abin ya faru na sayi agogo mai kama siginar rediyo. Siginar ana kiranta MSF, daga tashar Anthorn take fitowa can Cumbria a arewacin Ingila, a kan kilohaz 60, kuma tana ɗauke da sanarwar canjin lokaci. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba na farka na tarar ya ja kansa baya da awa guda, ban taɓa shi ba. Maris ma haka. Wallahi hankalina ya kwanta.

Sai dai yana da zaɓen wuri. Kusa da talabijin ya ƙi kama komai, sai da na matsar da shi bakin taga ya kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne Asuba. Agogon ya san dokar ƙasa, bai san alfijir ba. Randa aka ja lokaci baya, Asuba ta matso da awa guda a fuskar agogo, ƙararrawar kuwa tana nan a tsohon lokacin da na sa mata, jam'i ya wuce ni. Manhajar sallah ta waya ta fi shi a nan, ita da kanta take lissafi. Yanzu duk jajibirin canji da hannuna nake gyara ƙararrawar.

Kar a kai shi Kano tsaraba. Siginar ba ta isa can, kuma Najeriya ba ta canza lokaci. Hajiyarmu dai ta gane abin da kanta: da zafi lokacinmu ɗaya, da sanyi ta riga ni da awa guda, sai ta jinkirta kiran safe.