Gargaɗi Kan Masu Sayar da Stik na Talabijin da Karɓar Kuɗin Gyara a Kaduna

Ina jan hankalin jama'ar Kaduna, musamman masu sayen kayan lantarki ta WhatsApp da Facebook, ga wata damfara da ake yi da ƙaramar na'urar nan da ake soka wa talabijin ta baya domin kallo ta intanet, wadda aka fi sani da stik. Masu wannan harka ba su da shago. Alkawarinsu shi ne za ka biya sau ɗaya ka riƙa kallon ƙwallon Turai da fina-finai har abada ba tare da kuɗin wata ba, kuma ɗan aike zai kawo maka har ƙofar gida, ko kana Kawo ko Barnawa ko Rigasa.

Kwanakin farko komai yana tafiya daidai. Daga nan sai hoto ya fara cijewa, da'irar nan ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, galibi ana tsaka da wasa. Idan ka kira mai kayan, sai ya ce maka cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, layinku ne ya cika, a turo wani abu kaɗan in mayar da kai layin manya." Bayan ɗan lokaci sai ya ce na'urar tana buƙatar sabuntawa, wannan ma da kuɗinsa, daga baya kuma ya kawo zancen wata manhajar ƙara gudu. Ranar da ka nemi a mayar maka da kuɗinka, ranar ce lambarsa za ta daina shiga.

Babu wani layin manya. Tashoshin da suke sayarwa na sata ne, ana watsa su daga kwamfutocin da mai tallar bai san ma inda suke ba, kuma idan dubban mutane suka hau kansu lokacin babban wasa dole su sarƙe, ko da intanet ɗinka ya fi na kowa ƙarfi. Kayan ma sau da yawa jabu ne: kwali ya rubuta 4K, wato hoto mai tsananin kyau, da ma'adana mai girma, shafin bayanin na'urar ya maimaita hakan saboda an sauya rubutun tun daga inda aka haɗa ta, alhali abin da ke ciki bai kai ko kusa ba. Araha dai ba ta ado. Abin da ya fi wannan muni shi ne, a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0, wadda ke zuwa a cikin irin waɗannan na'urori marasa asali, tana amfani da intanet ɗin gidan mutum wajen aikata laifi bai sani ba.

Idan stik ɗinka na gaske ne, kamar Fire TV Stick na Amazon ko Chromecast na Google ko na Xiaomi, dalilan cijewarsa sanannu ne, kuma bincikensu ba ya cin ko kwabo. Ka fara da gudun intanet: tsaya kusa da talabijin ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, a wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da shi. Netflix da kansa ya ce megabit 5 a daƙiƙa ya isa kallon hoto mai ingancin 1080p, 4K kuma yana neman 15. Idan da hantsi gudun ya kai amma bayan isha'i ya faɗi, cunkoso ne a kan netwok ɗin unguwarku, kuma maganinsa rage ingancin hoto zuwa 720p, wanda zai rage maka cin data ma, domin awa guda ta 4K tana iya lashe gigabait 7.

Sai nisan rauta ko MiFi. A zangunan Wi-Fi, na 5 GHz ya fi gudu amma bangon bulo yana raunana shi, 2.4 GHz kuma ya fi nisa amma ya fi cunkoso, don haka matso da rautar cikin falo ya fi kowace manhaja amfani. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, wato wuta. Ramin USB na talabijin da dama rabin amfiya (ma'aunin ƙarfin wuta) kawai yake bayarwa, stik kuwa yana son guda, shi ya sa idan daga can yake shan wuta yake nauyi ko ya kashe kansa ya tashi. Ka haɗa shi da cajarsa ta asali a soket. A zafin Maris da Afrilu, na'urar da ke manne a bayan talabijin tana ɗaukar zafi har ta rage wa kanta gudu, kuma ɗan guntun wayar HDMI da ke zuwa a kwalin Fire TV Stick yana nisanta ta da jikin talabijin ta sha iska. Goge manhajojin da ba ka amfani da su ma yana taimakawa, tunda ma'adanar yawancin stik gigabait 8 ce kacal.

Wanda zai saya ya je shagon da zai iya komawa gobe, a gwada a gabansa, ya karɓi rasit, idan na'urar mai Android ce ya tabbatar tana da shaidar Play Protect, wato tantancewar Google. Wanda kuma ya riga ya faɗa hannun 'yan damfarar ya cire na'urar daga Wi-Fi, ya sauya kalmomin sirrin duk asusun da ya shigar a cikinta, ya ajiye hotunan hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa da gaggawa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.