Ƙurajen fuska: asibiti ko kemis?

Samari da 'yan mata a ƙauyukanmu na Gumel sun dame ni da tambayar nan.

Kemis ya fi sauƙi, babu ja: ba kuɗin mota, ba yankar kati. Amma man da aka fi miƙo wa mutum, mai haɗin magunguna uku ɗin nan, akwai sinadarin sitiroyid (mai kwantar da kumburi) a ciki. Sati guda fuska ta yi sumul, daga baya ƙurajen su dawo ninki, kumatu su yi dabbare-dabbare. Abin yana ci mini rai.

Asibiti kuwa sai ka yi sammako, ka wuni a benci. Sai dai likita zai tambayi mace ko tana da juna biyu, domin doxycycline, maganin sha da ake bayarwa don ƙuraje, bai dace da mai ciki ba. Maganin kuma sai haƙuri: benzoyl peroxide, man shafawa na ƙuraje, kan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin a ga sauyi, yana busar da fata, yana koɗar da mayafi.

Mai 'yan ƙuraje ƙalilan, kemis mai rajista ya ishe shi, in ya nemi benzoyl peroxide da sunansa. Mai ciki, da mai manyan ƙuraje masu barin tabo, su daure su je babban asibiti; in ya gagara, a tura su wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.