Waswasin alwalar ɗiyata da likitar Asibitin Malam

Tana shekara 11 abin ya fara. Sai ta ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, ga hunturu, har yatsunta suka tsattsage. Ruwan kuwa saye muke wajen 'yan garuwa. Mun yi rubutu, mun yi ruƙiyya. Mai kemis ɗin garinmu ya ba mu maganin barci, yarinya ta wuni tana layi, buta dai na hannunta.

Malamin makarantarsu ne ya ce mu je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Daga ƙauyenmu, bayan Bichi, mota biyu ce, kuɗin ma ba wasa ba.

Likitar ba ta yi mana kallon mahaukata ba. Ta ce a likitance OCD ake kiran irin wannan ciwon waswasin, ba raunin imani ba ne. Ta dubi yarinyar: "'Yata, yau wanki uku-uku kawai, ki zauna da fargabar har ta sauka da kanta." Ni kuma ta ce: "Mama, in ta tambaye ki ko alwalar ta yi, ki daina amsa mata." Wallahi wannan ya fi mini wuya.

Ƙwayar fluoxetine, maganin da likitar ta rubuta mata, sai da ta yi makonni kafin mu ga canji. Yanzu buta ɗaya, wataran har da saura.