Maganin zafi kafin aikin zuciya, ko sai an farfaɗo?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likitan sa barci zai ba shi maganin zafi tun kafin a shiga da shi tiyata, kina tambayar me ya hana a bari sai ya farka ya ji ciwon.

Tsarin da aka saba shi ne jiran. A aikin zuciya ana raba ƙashin tsakiyar ƙirji, a ɗaure shi da waya, mutum ya farka da robobi a jikinsa, sai a danne zafin da mofin ko fentanil ta jijiya. Suna aiki, ba musu. Amma idan suka yi yawa sai amai, taurin bayan gida, gyangyaɗi da raunin numfashi. Ga shi kuma washegari nas za ta zo ta ce Baba ya rungume filo a ƙirji ya yi tari, ya ja dogon numfashi, ya tashi zaune. Wanda barci ko zafi ya danne ba zai iya ba, majina ta taru a huhu.

Ɗaya tsarin kuwa, awa ɗaya ko biyu kafin aiki a ba shi farasitamol gram 1, wani lokaci da gabapentin ko pregabalin, da kurɓin ruwa. Tun 1983 wani masanin kimiyya mai binciken zafi, Clifford Woolf, ya nuna cewa idan saƙon zafi ya yi ta kwarara cikin lakar gadon baya, jijiyoyin kan ƙara kaifi, har ƙaramin taɓi ya zama azaba. Ana so a riga su ne. Sai dai kada ki ɗauka zai farka garau. Zai sha mofin ɗin, fatan dai a rage yawansa. Gabapentin ma yana sa jiri da barci, musamman ga dattijo ko mai ciwon ƙoda, kuma a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi kan haɗa shi da dangin mofin saboda numfashi.

Ni dai na fi karkata ga na biyun, muddin likitan ne ya zaɓi maganin bayan ya duba ƙoda da hanta. Kada kowa ya kawo masa ibuprofen ko diclofenac daga kemis, an hana su a aikin sauya hanyar jinin zuciya. In kuma yana shan tiramadol ko kodin, ko da don ciwon baya ne, a faɗa wa likita tun yanzu ba kunya, domin awon da za a ba shi zai canza.