Wace kyamara ta dace da mai ɗaukar bidiyon biki? Duba waɗannan kafin ka fitar da kuɗinka

Aikin biki ba a maimaita shi. Liman ba zai sake ɗaura aure don kyamararka ta ɗauki zafi ba, amarya kuma sau ɗaya take shigowa wurin dina. Saboda haka abubuwa uku za ka fara tambaya kafin kyawun hoto: tana jure zafi? Tana ɗauka ba tsayawa? Tana da ramin katin memori biyu?

A kan wannan ma'auni, Sony FX30 da ta fito a 2022 ce ta fi dacewa da aikinmu. Akwai fanka a cikinta, kuma duk wanda ya tsaya ƙofar masallaci a Kano cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san amfanin wannan. Ba ta yanke ɗauka a minti 30. Tana ɗaukar 4K (bidiyo mai tsananin fitowa fes) a firam 50, wato hotuna 50 a daƙiƙa, da launi mai zurfin bit 10, wato idan fitilun zauren biki sun watsa wa fuskar amarya shuɗi da ja, za ka iya gyara launin fata a kwamfuta ba tare da hoton ya farfashe ba. Ramukan katinta biyu ne, ka saita ta rubuta a duka lokaci guda. Ka haɗa ta da ruwan tabarau na Sigma 18-50mm f/2.8 ko Tamron 17-70mm f/2.8, sun ishe ka tun daga kamu har kai amarya. Rauninta duhu ne: na'urar ɗaukar haskenta ƙarama ce, don haka da daddare ka tsaya a ISO 2500 (saitin ƙarfin jin haske), ka riƙe ƙaramar fitilar LED. Ba ta da madubin leƙawa, kuma ba ta mai hoton kati ba ce.

Sony A7 III ta 2018 ita ce ta biyu. Ta fi gani a duhu, ta hannu tana da sauƙin samu, amma tana tsayawa kafin cikar minti 30, 4K ɗinta kuma bai wuce firam 30 ba. Canon R6 ta farko tana ɗaukar zafi a 4K, a bar ta. Panasonic GH5 kamar jaki take wajen juriya, sai dai ana fara rawa ta shiga laluben fuska. Canon M50 kati ɗaya gare ta, magana ta ƙare.

To amma ba kyamara ce ta fi kashe aikin biki ba, katin memori na jabu ne. Yadda ake yin sa: a ɗauki kati mai 16GB ko 32GB, a canja bayanan cikinsa ya riƙa nuna 128GB, a manna masa takardar SanDisk Extreme Pro. Kyamara za ta karɓa, ta yi ta ɗauka lafiya lau. Da ya cika ainihin girmansa, sai ya koma yana rubutu a kan na farko ko ya zubar da sabon. Sunayen fayil suna nan, ka buɗe ka tarar ba komai, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da aka danne. Kwali mai kyau ba shaida ba ne. Ka sa katin a kwamfuta, ka gwada shi da manhajar H2testw, wadda take cika shi dam sannan ta karanta. Ko zai ci awa biyu, ka jira. Ka yi da mai kanti tun farko cewa idan ya faɗi gwaji za ka dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka amsa.

Lissafin kati kuwa: ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa tana cin kimanin 45GB a awa, 128GB zai kai ka awa biyu da minti arba'in. Kati mai alamar sauri V30 ya isa wannan, amma manyan saitunan FX30 suna neman V60 ko V90. Kati huɗu na 128GB sun fi ɗaya na 512GB kwanciyar hankali.

Batir ma haka ne. NP-FZ100, batirin FX30 da A7 III, na asali ƙarfinsa 2280mAh ne; duk wanda aka rubuta masa adadin da ya ninka haka, ƙarya ce. Na jabu yakan nuna kashi 30 ya mutu nan take, fayil ɗin da ake kan ɗauka ya lalace. Wasu har kumbura suke su maƙale. Uku na asali sun isa yini.

Idan ta hannu za ka saya, buɗe jerin saituna ka duba harshe, domin Sony da aka yi wa kasuwar Japan sau da yawa Japananci kaɗai ke cikinta. Ka haska ruwan tabarau da tocila ka nemi fumfuna. Ka ɗauki farin bango da ƙofar haske a matse, f/16, ƙurar hunturu za ta fito ɗigo-ɗigo. Ka bar ta tana ɗauka minti ashirin a gaban mai sayarwa. Wadda ta zo daga Amurka kuma ka mayar da ita PAL, tsarin bidiyon da ake amfani da shi a nan, ka ɗauka a firam 25 ko 50, shata 1/50 ko 1/100, domin wutarmu hatiz 50 ce, in ba haka ba fitilu za su yi ta ƙifce a bidiyon. Canjin yakan nemi a goge kati, don haka a gida za ka yi shi tun jajibirin biki.